Filsna ta ƙaramin kamfani: ɗacin nata ne, ƙamshin man shanun ne abin bincike

Tambayarka ta iso, ɗan'uwa. Ka ce an ba ka kwalbar giya samfurin filsna, wadda ake rubutawa Pilsner ko Pils a jikin kwalba, daga wani ƙaramin kamfani mai dafa giyarsa kaɗan-kaɗan. Da ka tsiyaya sai ka ga ba ta yi garau kamar ta manyan kamfanoni ba. Ka kurɓa, ka ji ɗacinta ya zarce wanda ka saba. Sannan can ƙasa-ƙasa hancinka ya jiyo wani abu kamar narkakken man shanu. Kana so ka san ko ta lalace ne, ko kuwa haka ake yin ta.

Abu uku ka lissafa, kuma ba matsayinsu ɗaya ba. Ɗacin nata ne, da shi aka haife ta. Rashin yin garau yana iya zama da gangan. Man shanun kuwa shi ne ya tsayar da ni, domin na shafe shekaru a ɗakin gwajin ingancin giya, kuma babu ƙamshin da ya fi shi sa mu hana tanki fita kasuwa.

Ba za ka gane dalilin da ya sa muke tsananta wa filsna ba sai ka san abin da ke cikinta. A garin Pilsen na yankin Bohemiya, a Jamhuriyar Cek ta yau, giyar gari ta taɓa lalacewa har ta kai a 1838 an tuntsurar da ganga 36 a gaban zauren majalisar garin. Mutanen da ke da izinin dafa giya suka haɗa ƙarfi suka gina sabon gidan dafawa, suka ɗauko wani gwani daga Bavariya, a kudancin Jamus ta yau, mai suna Josef Groll. Ranar 5 ga Oktoba, 1842 ya ɗora tukunyar farko. Abin da ya fito ya ba kowa mamaki: giya mai launin zinariya, tas, da farar kumfa a kai, a zamanin da akasarin giyar yankin duhu gare ta. Jikar waccan tukunya ita ce Pilsner Urquell da ake sayarwa har yau.

Kayan haɗinta huɗu ne kawai. Ruwan Pilsen, wanda kusan babu gishirin ƙasa a cikinsa, ba shi da zartsi ko kaɗan. Tsiron sha'ir da aka busar da iska mai ɗumi ba tare da wuta ta taɓa shi ba, shi ya sa bai yi duhu ba, bai yi ƙauri ba. Furen hofs, wato furen da ke ba giya ɗaci da ƙamshi, na garin Žatec, wanda Jamusawa ke kira Saaz, mai ƙamshin ciyawa da ɗan yaji-yaji. Sai yis, wato ƙwayoyin da ke mayar da sukari barasa, irin na giyar laga, dangin giyar da filsna ke ciki, mai aiki a cikin sanyi ya kwanta a gindin tanki. Kalmar laga kanta daga Jamusanci ta fito, ma'anarta ajiyewa, domin bayan yis ya gama cin sukari sai a ajiye giyar makonni cikin sanyin da ya kusa daskarewa. Mutanen Pilsen sun haƙa ramukan ajiya a cikin dutse a ƙarƙashin gidan giyar, tsawonsu ya kai kimanin kilomita 9, don wannan jiran kawai.

To ka ga ke nan babu wurin ɓuya. Baƙar giya tana da gasasshen tsiro mai ƙarfi da zai danne ƙaramin kuskure. Giyar da aka cika wa hofs har hanci ya toshe, ita ma tana rufa wa mai ita asiri. Filsna ba ta rufa wa kowa asiri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma filsna ita ce ranar wankan mai dafa giya. Ni dai idan na shiga ƙaramin gidan giya ina son in san hannun mai shi, ita nake fara nema.

Bari in sallami ɗacin. Ana auna shi da ma'aunin da ake taƙaitawa IBU, inda maki ɗaya ke daidai da kusan miligiram ɗaya na sinadarin ɗacin hofs a lita guda. Yawancin lagar manyan kamfanoni tana zaune tsakanin 10 da 25. Filsna irin ta Jamus tana tsakanin 22 da 40, ta Cek kuma 30 zuwa 45, ita Pilsner Urquell kanta tana wajen 40. Saboda haka harshen da ya saba da 15, ran da ya gamu da 38 dole ya yi tsalle. Wannan ba aibi ba ne. Abin da za ka tambayi kanka shi ne wane irin ɗaci ne. Na kirki yana zuwa a tsakiyar kurɓa, ya share zaƙin tsiro, ya ɗan zauna a bayan harshe, sannan ya janye a hankali ya bar baki wasai. Mugun kuwa yana kama gefen harshe da dasashi, ya bushe baki kamar ka tauna ganyen shayin da ya daɗe a ruwa. Wannan na biyun bauri ne, ba ɗaci ba, kuma yawanci daga ƙaiƙayin sha'ir yake fitowa idan aka wanke dusar da ruwa mai zafi fiye da kima ko aka matsa mata da yawa. Mutane da yawa suna cakuɗa su biyun, su ce giyar ta yi ɗaci alhali bauri ta yi.

Akwai kuma bambancin gida. Ta Cek ta fi cika baki, launinta ya fi nuna, ɗacinta a zagaye yake saboda laushin ruwa. Wani ɓangare na wannan ya zo ne daga wata tsohuwar dabara: a ɗebi kashi ɗaya na kunun tsiron a tafasa shi daban, a mayar cikin sauran. A Pilsner Urquell sau uku ake yin haka, shi ke ba ta gardin nan kamar na ɓawon burodi. Ta Jamus ta fi haske, ta fi tsinkewa, ƙarshenta a bushe yake, kuma in ka nausa arewacin ƙasar ɗacin ƙaruwa yake yi, kamar yadda za ka ji a filsnar da ake kira Jever. Sai ta Italiya, wadda wata giya mai suna Tipopils ta buɗe wa hanya a 1996, inda ake ƙara hofs a cikin tanki bayan dafawa don ƙamshi. Ƙananan kamfanoni da yawa yanzu wannan salon suke bi. Duba jikin kwalbarka ka ga wanne suka ce sun yi, don kada ka auna ta da mudun da ba nata ba.

Maganar hazo gajeriya ce. Ƙananan kamfanoni da yawa ba sa tace giyarsu, sun gwammace yis ya kwanta da kansa, don tacewa mai tsanani tana tafiya da wani abu na ɗanɗano da kumfa. Akwai kuma hazon sanyi: giyar ta yi dishi-dishi tana fitowa daga firji, da ta ɗan huce sai ta washe. Duk waɗannan ba komai. Wanda zai sa ka ajiye kofi shi ne hazon da ya zo da tsami, ko da gudaji masu yawo, ko giyar ta yi ta ambaliya da kanta da zarar an buɗe.

Yanzu ga man shanun. Sunan sinadarin dayasetil, kuma shi ne ainihin abin da ke ba man shanu ƙamshinsa, don haka hancinka bai yi maka ƙarya ba. Ga yadda yake shiga giya. Lokacin da yis ke hayayyafa yana haɗa wa kansa wasu sinadaran gina jiki, a kan hanya sai wani abu ya riƙa tsiyayowa daga jikinsa zuwa cikin giyar. Wannan abu ba shi da ƙamshi ko kaɗan. Amma idan ya samu ɗumi da iska sai ya rikiɗe ya zama dayasetil. Abin sha'awa, yis ɗin da ya jawo ɓarnar shi ne kuma mai gyara ta: idan yana da rai da lafiya, kuma aka ba shi lokaci, sai ya sake tsotse dayasetil ɗin ya mayar da shi wani abu da harshe ba ya ji. Matsalar ita ce filsna a sanyi ake yin ta, wajen digiri 8 zuwa 12 a ma'aunin Salshiyas, kuma a sanyi komai tafiyar hawainiya yake yi. Shi ya sa masu dafawa da yawa, idan sukarin ya kusa ƙarewa, sukan ɗaga zafin tanki zuwa wajen digiri 15 ko 18 na kwana biyu ko uku, domin rikiɗar ta faru tun yis yana nan ya share ta. Wasu kuma ba sa ɗagawa, sai dai su ƙara makonni. Ko wanne ka bi, lokaci zai ci.

Lokaci kuwa kuɗi ne ga ƙaramin kamfani ta hanyar da mai sha ba ya gani. Giyar da ake yi da yis mai son ɗumi tana iya barin tanki cikin mako biyu. Filsna ta kirki tana riƙe tanki mako biyar, shida, wani lokaci fiye. Mutumin da tankunansa huɗu ne kacal, duk ran da ya sa filsna a ɗaya ya san ya hana kansa ciniki biyu ko uku. Daga nan jarabar ke shigowa.

Na taɓa gani da idona. An kira ni wani ƙaramin gidan giya, mai shi saurayi ne mai son aikinsa da gaske, kayansa tsaf-tsaf. Ya tsiyayo min filsna daga tanki, kwananta goma sha tara, yana ta murmushi, ya ce washegari za a ɗura. Na sansana, na kurɓa. Gaskiya babu abin kushewa. Sai na ce ya ba ni kofi biyu masu murfi. Na zuba giyar a kowanne, na bar ɗaya a sanyi, ɗayan na tsoma shi cikin ruwan zafi mai digiri 60 na kusan minti ashirin, na fitar, na sanyaya shi har ya dawo daidai da ɗan'uwansa. Na miƙa masa su biyun ban ce komai ba. Ya buɗe na farko ya gyaɗa kai. Ya buɗe na biyu, kafin ma ya kai hanci sosai fuskarsa ta canza. Kofin sai ka ce an narka man shanu a ciki. Abin da zafin minti ashirin ya yi a kofin nan, shi ne abin da mako biyu a kan kantar shago zai yi a cikin kwalba, bayan an raba giyar da yis ɗin da zai gyara ta. Ya yi shiru, ya dubi allon da ya rubuta ranakun kai kaya, ya goge. Kwana goma ya ƙara mata. Sauri ya haifi nawa, in ji masu iya magana, kuma a aikin laga na ga gaskiyar wannan ba sau ɗaya ba.

Zatona mafi ƙarfi ke nan game da kwalbarka: an fitar da ita kafin ta nuna. Amma akwai hanya ta biyu da dayasetil ke shigowa, kuma ta fi muni. Wasu ƙwayoyin bakteriya, musamman Pediococcus, suna samar da shi idan suka samu shiga ta tiyo ko injin ɗura da ba a wanke da kyau ba. Alamarsu ita ce man shanun ba ya zuwa shi kaɗai, yana zuwa da tsami kamar na nonon da ya kwana, wani lokaci har giyar ta ɗan yi yauƙi. Ba ka ambaci tsami ba, shi ya sa na fi karkata ga na farkon.

Dole kuma in yi wa mutanen Cek adalci. A salonsu ana yarda da ɗan burbushin dayasetil, kuma masu ɗanɗano da yawa suna jin sa a Pilsner Urquell kanta, yana ƙara mata taushi. A salon Jamus kuwa ba a yafe shi sam. Iyakar da nake sawa ita ce wannan: in sai ka nema kafin ka same shi, kuma kwalbar ta ce salon Cek ce, to ado ne. In shi ya fara yi maka sallama, kuma bayan haɗiya ka ji santsi ya lulluɓe harshe da ganɗa kamar ka lashi mai, to aibi ne ko a wane gari aka dafa ta. Yawancin mutane suna fara jin sa a wajen kashi ɗaya cikin miliyan goma, amma hanci ya bambanta ƙwarai. Na yi aiki da mutumin da ba ya jin sa ko an ninka, alhali wani aibin daban ba ya tsere masa. Shi ya sa ba a barin mutum ɗaya ya yanke wa tanki hukunci.

Tunda ka fara sa hanci, ga sauran waɗanda za ka iya cin karo da su. Ƙamshin dafaffiyar masara, wanda ake kira DMS, daga farin tsiron kansa yake fitowa, kuma tafasa mai ƙarfi da tukunya a buɗe ke korar sa, shi ya sa da yawa ke tafasa filsna minti 90. Ɗan kaɗan ba laifi. Ƙamshin ɗanyar tuffa alamar giya ce da ba ta gama nuna ba, ɗan'uwan man shanu ne wajen tona asirin gaggawa. Ɗan warin ashana da aka ƙyasta a farkon tsiyayawa halin yis na laga ne, yakan tashi cikin minti ɗaya ko biyu, amma warin ruɓaɓɓen ƙwai da ya ƙi tafiya ba a karɓar sa. Sai biyu da galibi ba laifin mai dafawa ba ne. Na ɗaya, haske: idan rana ko fitilar shago ta bugi giya, sinadarin ɗacin hofs yana tsagewa ya haifar da wani ɗoyi mai kaifi, kuma 'yan mintuna a rana sun isa. Kwalba mai ruwan ƙasa tana karewa sosai, koriya da fara kusan ba sa karewa, gwangwani kuwa haske ba ya ratsa shi ko kaɗan. Na biyu, tsufa: iska da zafi suna mayar da ɗanɗanon kamar jiƙaƙƙen kwali, ƙamshin furen ya mutu, a bar ka da zaƙi salam.

Wannan na ƙarshen ya kawo ni kan abin da nake so ka cire daga ranka, wato cewa ƙanƙantar kamfani ita kanta shaidar inganci ce. A Amurka ƙungiyar Brewers Association tana kiran kamfani ƙarami mai zaman kansa matuƙar bai wuce ganga miliyan 6 a shekara ba, kuma wani babban kamfanin barasa bai mallaki kashi 25 cikin ɗari nasa ba. Ka ga ma'anar ta girma ce da mallaka, ba ta ɗanɗano ba. In gaskiya za a bi, manyan kamfanoni sun fi ƙwarewa wajen hana iska shiga kwalba da wajen sa giyar yau ta yi daidai da ta bara, kuma ilimin da kowa ke amfani da shi daga ɗakunan gwajinsu ya fito. A ɗakin gwajin kamfanin giya na Carlsberg da ke Denmark ne Emil Christian Hansen ya fara ware tsantsar yis guda ɗaya a 1883, a nan ne kuma aka ƙirƙiro ma'aunin tsami na pH a 1909. Abin da ƙarami ya fi su da shi, in ya ga dama, shi ne 'yanci: ya yi da tsantsar sha'ir ba tare da ƙarin masara ko shinkafa ba, ya zuba hofs mai tsada ba tare da awon tsoro ba, ya jira, ya kuma kawo maka ita tana sabuwa. Idan waɗannan suka haɗu, babu lagar da na fi so a duniya. Amma da yake da yawansu ba sa ɗumama giyar bayan ɗurawa don kashe ƙwayoyin da suka rage, dole ta zauna a sanyi tun daga kamfani har hannunka, kuma a sha ta cikin 'yan watannin farko. Ka riƙa duba ranar ɗurawa kafin komai.

In za ka sake gwadawa, yi mata adalci. Kada ka sha daga bakin kwalba, don rabin ɗanɗano a hanci yake. Samo kofin gilashi, ka wanke shi ka ɗauraye da ruwan sanyi, kada ka goge da tsumma. Maiƙo shi ne babban maƙiyin kumfa, ko na leɓe ne. In ka ga ƙananan ƙwayoyin iska sun manne a jikin gilashin daga ciki, kofin ne bai wanku ba. Fitar da kwalbar daga firji ta ɗan huta ta kai wajen digiri 7, domin sanyin ƙanƙara yana kashe harshe, yana ɓoye kyau da muni gaba ɗaya. Karkata kofin ka fara zubawa, in ya kai rabi ka miƙar da shi ka zuba a tsakiya, kumfa ta tashi kamar faɗin yatsu biyu ko uku. Kumfar filsna ta kirki fara ce, mai laushi, tana daɗewa, kuma duk kurɓa tana barin zobe a jikin gilashi. Mutanen Cek sun ɗauki kumfa da muhimmanci har suna da salon zubawa da ake kira mlíko, wato madara, inda kusan duk kofin kumfa ce.

Sansana nan take, gajeru-gajeru sau biyu ko uku, tun ƙamshin hofs bai gudu ba. Abin da kake fata shi ne sabon burodi ko biskit, da ciyawa ko fure a samansa. Sannan ka kurɓa daidai, ka bar ta ta zagaye baki, ka haɗiye, ka rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci. A giya sai an haɗiye, domin ƙarshen ɗacin a can baya yake bayyana. Ƙirga ashirin a zuci kafin kurɓa ta gaba, ka saurari abin da ya rage. Sai ka bar sauran a kofin ya yi minti goma, ka rufe bakinsa da tafin hannu, ka ɗan juya, ka buɗe ka sake sansanawa. A nan ne man shanu da masara da kwali ke fitowa fili in suna nan. Filsna mai kyau ko ta huce ba ta canza hali.

Wannan aikin ba ya buƙatar yawa. Mu a ɗakin gwaji abin da ake zuba wa mutum bai kai rabin ƙaramin kofi ba, kuma da safe muke yi, babu turare, babu sigari, babu yaji a baki. Rabin lita na filsna mai kashi 5 cikin ɗari yana ɗauke da kusan giram 20 na tsantsar barasa, kuma daga kofi na biyu harshe da hankali duka sun fara sassauta hukunci.

Game da kwalbarka, ga abin da zan yi in ni ne. Zan nemi wata daga kamfanin guda amma mai lambar dafawa daban, in ajiye ta gefe da gefe da wata sananniyar filsna ta salon da suka ce sun bi, in sa wani ya zuba min ba tare da na san wacce ce wacce ba. In man shanun bai dawo ba, tukunya ɗaya ce ta kuɓuce musu, abin da kan faru da kowa. In ya dawo, sai in rubuta musu, in ba su lambar da ranar ɗurawar, in faɗi inda na saya da yadda aka ajiye ta, in kuma tambaye su kwana nawa filsnarsu ke yi a tanki.